Wata Goma Sha Ɗaya na Yayen Kausar

Maijidda Sule tana suyar waina a ƙofar wani gida mai hawa biyu a Hindawiyya. Daga bayan sallar Asuba take ɗora tanda, kafin rana ta yi zafi ta sauke. Direbobin tasi ne yawancin masu saye, sai 'yan mata da iyayensu suke aikowa da kwano. Shekararta talatin da ɗaya. 'Yar Kazaure ce, ta zo Makka shekara takwas da suka wuce, ta biyo mijinta Labaran, wanda yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani mai kula da masaukan alhazai a Aziziyya. 'Yarsu ɗaya, Kausar, shekararta shida.

Ba da waina kaɗai aka san ta a unguwar ba. In ofishin kula da yara ya ɗauki ɗan wata Bahaushiya, ko ya kira iyaye tambaya, ƙofar Maijidda ake fara bugawa. Ba ta karanci shari'a ba, Larabcinta ma na kasuwa ne. Abin da ta sani ta koye shi ne a wata goma sha ɗaya da 'yarta ta yi a gidan renon yara, tana kiran wata mace Mama.

A gida aka haifi Kausar. Naƙuda ta zo da sauri, Labaran yana wurin aiki, ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Adama, ita ta karɓi haihuwar. Haihuwar gida tana buƙatar shaidu da zirga-zirga kafin takarda ta fito. Labaran ya fara, aiki ya sha kansa, ya ajiye maganar da niyyar komawa. Yarinya ta kai wata ashirin da biyu ba ta da takardar da ke ɗauke da sunanta.

A wannan watan aka yi yaye, yadda ake yi a Kazaure. Maijidda ta shafa maɗaci a nono, yarinya ta kama ta saki da ihu, Gwaggo Adama ta goya ta ta tafi da ita ɗakinta da ke kan rufin wani bene a Aziziyya, inda take aikin shara. Kafin ta fita ta juyo ta kafa doka.

"Kada in ga ƙafarki, kada in ji muryarki, sai bayan sati biyu. In ta ji ki, aikin ya lalace."

Ranar shida ga watan Zulhajji Gwaggo Adama ta fito da Kausar a baya za ta sayo madara. Aziziyya cike take da alhazai da motocinsu. A bakin wata tashar bas ta yanke jiki ta faɗi. Jini ne ya hau mata, ɓarin jikinta ya mutu, bakinta ya rufe. Motar asibiti ta ɗauke ta. Katin iƙamarta, wato izinin zama a ƙasar, yana jikinta, amma babu yaro a kansa. Wayarta ta ɓace a cikin turmutsutsu. Waɗanda suka taru a kanta baƙi ne daga ƙasashe goma, babu wanda ya san ta. Aka miƙa yarinyar ga ofishin kula da yara, ofishin ya kai ta gidan reno.

Labaran yana Arfa a lokacin, kamfaninsu ya tura su kula da na'urorin tantuna, kwana goma ba dawowa gida. Maijidda ta kira wayar Gwaggo sau biyu, ta ji ta a kashe. Ta ɗauka tsohuwar ce ta kashe da gangan don ta hana ta. Ta ji kunyar kiran da ta yi ma. Ta zauna tana matse nono a kofi tana zubarwa, tana ƙirga kwanaki.

Sai da Labaran ya dawo ya hau benen ya tarar da ɗaki a kulle, sannan aka fara nema, har aka gano Gwaggo a asibiti, aka ji yarinyar tana hannun ofishin kula da yara. Kwana tara ke nan da faɗuwar Gwaggo.

Wannan kwana taran shi ne abu na farko da aka rubuta a fayil ɗin da ofishin ya buɗe wa yarinyar. Na biyun an rubuta shi ne a ranar da suka je ofis.

Sun tafi su uku: Labaran, Maijidda, da Malam Idris, wani dattijo da ya shekara arba'in a Makka, wanda Hausawan unguwar suke ɗauka in za a je gaban hukuma domin ya yi musu tafinta. Abokin marigayi mahaifin Labaran ne, don haka a wurin Maijidda suruki ne. Jami'ar da ke riƙe da fayil ɗin, Ustaza Nora, ta zaunar da su a ɗaki ɗaya. Ta dubi Maijidda ta yi tambayar da take yi wa kowace uwa: mene ne sunan 'yarki?

Maijidda ta sunkuyar da kai. Kausar 'yar fari ce. A inda ta taso, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban suruki. Uwarta ba ta taɓa kiran sunan yayan Maijidda ba har ta rasu. Labaran ne ya amsa. Nora ta ce uwar take tambaya. Malam Idris ya maimaita da Hausa. Maijidda ta ce, cikin mayafi, "Yarinyar Gwaggo ce."

Malam Idris ya fassara kalma da kalma. Bai ƙara komai ba.

"Ban ga abin bayani ba," in ji shi yanzu. "A kunnena amsar 'yar mutunci ce. Har na ji daɗi a raina, na ce Labaran ya yi dace da mai tarbiyya. Shekara arba'in ina fassara wa mutane magana, ranar nan ban san akwai abin da ya rage ban fassara ba."

Daga nan aka shigo da yarinyar. Wata ma'aikaciyar gidan renon ce ta ɗauko ta, doguwar mace mai kimanin shekara arba'in, ana kiranta Abla Tahani. Maijidda ba ta tashi ba, ba ta miƙa hannu ba. Ta saci kallo ɗaya, ta ga ƙafafun yarinyar cikin wani farin takalmi da ba ita ta saya ba, ta mayar da ido ƙasa. Labaran ya ɗauki 'yarsa ya ɗora wa uwar a cinya. Kausar, wadda abu na ƙarshe da ta sani a jikin nan shi ne ɗaci, ta ƙanƙame jiki ta tsala ihu, ta miƙa hannuwa biyu wajen Tahani.

Gwajin jini ya fito bayan sati shida, ya tabbatar su ne iyayen. Amma a lokacin tambayar ta riga ta sauya. Ba a ƙara tambayar ko ita ta haife ta ba, ana tambayar ko za ta iya riƙe ta. Aka yanke cewa yarinya za ta zauna a gidan reno har kwamiti ya zauna, uwa kuma za ta riƙa zuwa kowace Talata, awa ɗaya, Nora tana zaune tana rubutu.

Maijidda ba ta yi fashin Talata ko ɗaya ba. Kuma in tana ba da labarin waɗannan Talatocin, ba ta cika ambaton Nora ko kwamiti ba. Tahani take ambata.

"Ita ke kawo ta, ita ke mayar da ita. In ta shigo, hannun yarinyar yana cikin nata. Ba riƙon aiki ba, a'a, yatsu a cikin yatsu. Na san riƙon aiki, na ga yadda sauran suke riƙe nasu."

Ta san turaren Tahani, domin shi take ji a wuyan 'yarta. Ta san Tahani tana yanke wa yarinyar farce ranar Litinin. Ta san in Kausar ta gaji, kunnen Tahani take kamawa tana murzawa, abin da a da kunnen Maijidda take yi wa in tana shan nono. Ta kawo kunun gyaɗa a fulas, yarinya ta kawar da kai. Tahani ta ce da murmushi, ba ta son abu mai kauri, ta fi son burodi da cuku da ɗan zuma. Maijidda ta rufe fulas ɗin.

"Ta faɗa mini abin da 'yata take so. Ni. Da murmushi kuma. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi."

A gidan renon kowa Ummu Kausar yake kiranta, kamar yadda ake kiran kowace uwa a nan da sunan ɗanta. Duk sanda aka kira, sai ta ji kamar an yaye mata mayafi a kasuwa, ta yi kamar ba ta ji ba. Nora ta rubuta wannan ma.

A wata na huɗu Kausar ta fara haɗa kalmomi, da Larabci. Wata Talata ta faɗi a kan tabarmar wasa, ta tashi da kuka, ta wuce uwarta da ke zaune kusa, ta nufi ƙofa tana kiran Mama. Tahani ta leƙo, ta ɗauke ta, ta hura mata gwiwa. Maijidda ta ce ba ta tuna yadda ta hau mota ta dawo Hindawiyya ba.

Ta fara yi wa yarinyar kitso a cikin awarta, ƙanana, masu kyau, yadda duk wanda ya gani zai san akwai uwa Bahaushiya a bayan kan nan. Talata mai zuwa sai ta tarar an kwance, an ɗaure gashin gida biyu da jan ƙyalle. Ta sake kitsawa. Aka sake kwancewa. Sau biyar.

Labaran ya gaji da jin sunan a gida.

"Maijidda, yau kwana uku ban ji kin tambaye ni ko na ci abinci ba, amma na san kalar takalmin Tahani."

"Baƙi ne. Ya ma tsage a gefe."

"To Allah Ya ba ta wani. Matar nan fa aikinta take yi."

"Aikinta ne ta sa a ce mata Mama?"

"Duk yaran gidan haka suke ce mata."

"Sauran ba nawa ba ne, Malam."

Ya ce ta yi haƙuri, kwamiti ya kusa zama. Ta ce ya rubuta mata takardar koke. Ya ƙi. Sai ta je wurin wani mai rubuta wa mutane takardu a kusa da ofishin, ta faɗa masa abin da take so da Larabcinta na kasuwa, shi kuma ya gyara shi ya zama Larabcin hukuma. Takardar ta ce ma'aikaciya Tahani tana raba yarinya da uwarta da gangan, tana lalata abin da uwa ta yi, tana koya mata kiranta da sunan da ba nata ba. Maijidda ta dangwala hannu ta miƙa. Ta ce ranar ta dawo gida da sauƙin zuciyar da ta manta da irinsa, har ta yi wa Labaran dambun nama.

Ƙa'idar gidan ita ce, in an kai ƙarar ma'aikaciya, a ɗauke ta daga wurin yaron har a gama bincike. Aka mayar da Tahani sashen jarirai a hawa na sama.

Talatar da ta biyo baya wata baƙuwar fuska ce ta kawo Kausar, a saɓe a kafaɗa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta yi wasa ba. Aka kwantar da ita, ta juya ta fuskanci bango. Akwai filasta a bayan hannunta. Nora ta yi bayani a hankali: kwana huɗu ba ta ci abinci ba, sai da aka ƙara mata ruwa. Ta ƙara da cewa kwamiti ba ya zama a kan fayil mai buɗaɗɗen koke, don haka an ɗaga zaman da aka sa a wata mai zuwa.

Maijidda ta zauna awa guda tana kallon bayan 'yarta. Kitson da ta yi makon jiya yana nan, babu wanda ya taɓa shi. A gefen goshi, inda ta ja da ƙarfi, ƙananan ƙuraje sun fito.

Washegari ta koma ta janye koken. Ba ta bi ta wurin mai rubutu ba, da bakinta ta faɗa. Janyewar ma ta ɗauki sati uku kafin ta bi ta teburan da za ta bi.

Ranar da Tahani ta dawo sashen, ta tare Maijidda a baranda kafin a shiga ɗakin ziyara. Maijidda ta shirya jin zagi. Ta ce ta ma fi son a zage ta.

"Ya Ummu Kausar, kitsonki yana da kyau, amma yana ɗaure mata kai. Ba ta iya kwanciya a kansa. Shi ya sa nake kwancewa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ke kina kallona ne balle in faɗa miki? Kullum takalmina kike kallo."

Tahani ta ce tana da tambaya ɗaya da ta daɗe tana cinta.

"Wata bakwai ban taɓa jin kin kira sunanta ba. Me ya sa?"

Maijidda ta yi bayani iyakar Larabcinta. 'Yar fari ce. Kunya ce. Haka uwarta ta yi, haka kakarta.

"Kunyar wa? Yarinya 'yar shekara biyu?"

"Ba ita ba. Mutane."

"Waɗanne mutane? A ɗakin can daga ke sai ni sai Nora da bironta. Kin san abin da biron yake rubutawa? Uwa ba ta kiran sunan yarinya. Uwa ba ta sumbatar yarinya. Uwa ba ta amsa sunan Ummu Kausar. Kowace Talata."

Babu wanda ya taɓa faɗa wa Maijidda abin da ke cikin fayil ɗin. Wata bakwai tana zuwa da nutsuwa da sunkuyar da kai, tana ganin tana nuna musu ita 'yar gidan mutunci ce da ta cancanci a ba ta 'yarta.

Sati guda ta yi tana gwada sunan a bakin tanda, a hankali, cikin ƙarar mai. Talata ta zo, ta zauna a tabarma, ta buɗe baki ta kira. Kausar ta juyo. Ta dubi uwarta, sannan ta waiwaya ta dubi Tahani a bakin ƙofa. Tahani ta gyaɗa kai. Sai yarinyar ta tako.

"Sai da ta nemi izini," in ji Maijidda. "Na kira 'yata karo na farko a rayuwata, sai da wata ta ba ta izini ta zo."

Tahani ce ta je ta sami Nora ta ce a sake zama da uwar, ita kaɗai, babu miji babu dattijo, a nemo mace mai jin Hausa. Aka samu wata ma'aikaciyar jinya da iyayenta suka zo ta Sudan. Zaman ya ɗauki awa biyu. A nan ne aka fara rubuta kalmar yaye a fayil ɗin, da bayanin dalilin kwana tara. Da kwamiti ya zauna a wata na goma sha ɗaya, an karanta rahoton Tahani. Ta rubuta cewa uwar tana auna ƙafar yarinyar da yatsunta kowane mako in ta ɗauka ba a kallonta, tana shinshina rigarta kafin ta mayar, kuma ba ta taɓa fita daga ɗakin ba sai an ce mata lokaci ya cika sau biyu.

Labaran ya fito daga zaman yana share hawaye, yana cewa matar nan 'yar Aljanna ce. Da suka shiga mota Maijidda ta dube shi.

"Wato duk abin nan kallona take yi."

"Maijidda, ita ta fitar mana da 'yarmu."

"Na sani. Sai da ta ce ni uwa ce sannan na zama uwa. Ka bar ni in ji da shi."

An ba su Kausar ranar wata Lahadi, da takardar haihuwarta da jakar kaya. Gwaggo Adama ba ta ga dawowar ba. Ɗanta ya zo ya tafi da ita Kazaure tun a wata na biyar, tana can har yanzu, tana magana kaɗan-kaɗan.

Yarinyar ta yi sati uku tana tsayawa a bakin ƙofar gida da takalminta a hannu. Ba ta jin Hausa. Tana cin abinci kaɗan, in an matsa mata. Maijidda ta riga ta ga inda wannan hanya take kaiwa, ta ga filasta a bayan hannu sau ɗaya. Ranar Juma'a ta huɗu ta ce wa Labaran ya nemo lambar Tahani. Ita ta kira da kanta. Tahani ta zo bayan La'asar, ta zauna a tabarma, ta ci waina uku, Kausar tana kan cinyarta. Maijidda tana tsaye a bakin kicin tana kallo har aka kira Magariba.

Tun daga nan Tahani tana zuwa Juma'ar farko ta kowane wata. Maijidda ce ta sa ranar, ita ce kuma ta sa iyakar. Tahani ba ta son a rubuta komai a kanta. Abin da ta yarda ta faɗa shi ne, yara sama da sittin sun bi ta hannunta, kuma wannan ce uwa ta farko da ta kai ƙararta, ita ce kuma ta farko da ta gayyace ta gida. Ofishin ba ya magana a kan fayil ɗin yaro.

Bayan dawowar Kausar, Malam Idris ya zauna ya rubuta takarda shafi biyu da Larabci, dattawan unguwa goma sha ɗaya suka sa hannu. Shafin farko bayani ne a kan yaye, da riƙon ɗan dangi, da kunyar ɗan fari. Na biyu roƙo uku ne: a riƙa ganawa da uwa ita kaɗai da mace mai tafinta, a riƙa karanta wa iyaye abin da aka rubuta a kansu, a kuma ƙara ranar ziyara ta zama biyu a mako. Maijidda ce ta kai takardar. Ta ce na farkon yanzu ana yi in an roƙa. Na biyun ya danganta da jami'ar da aka samu. Na ukun ba a ba su amsa ba, kuma duk shekara tana sake kai kwafi.

Ta raka mata bakwai zuwa ofishin a cikin shekara uku. Huɗu sun karɓo 'ya'yansu, biyu suna jira. Ɗaya kuwa, in ji ta, da ita ce kwamitin ita ma ba za ta ba ta ɗan ba, kuma ta faɗa mata haka a fuska. Kafin su shiga takan tsayar da mace a bakin ƙofa ta ce ta ɗaga kai, ta dubi jami'a a ido, ta ɗauki ɗanta a gaban kowa ko da surukinta yana wurin. Sannan takan ƙara wani abu da babu shi a takardar Malam Idris.

"Za ki ga wadda take riƙe miki shi. Za ki tsane ta. Ki tsane ta a gida, ki zo nan ki faɗa mini, ina da lokaci. Amma kada ki rubuta."

A watan Sha'aban da ya wuce makarantar su Kausar ta yi bikin yaran da suka haddace izu biyu. Taron mata ne, kowace yarinya an ba ta katin gayyata biyu. Kausar ta kawo su gida ta ce ɗaya na Umma, ɗaya na Mama Tahani. Yanzu tana jin Hausa, tana mayarwa da Larabci. Maijidda ta ce akwai maƙwabciyarsu Mujahida da take ta son zuwa irin wannan taro. Kausar ta ce Mujahida ba ta da kati.

Katin Tahani ya yi kwana shida a cikin jakar Maijidda. Labaran kuwa kullum in zai fita yakan tambaya ko akwai saƙon da za a ajiye a hanya. Ana jibi biki ta ba shi.

Sun zauna a layi na uku, kujera biyu a jere, Tahani a ta bakin hanya. Yara suka hau dandamali da fararen riguna, suka yi karatu, aka ba kowace takardar shaida da fure ɗaya. Da aka sallame su, Kausar ta sauko a guje. Ta faɗa jikin Tahani tukuna, ta nuna mata takardar, sannan ta zagayo ta hau cinyar uwarta ta zauna har aka tashi.

Maijidda ta ba da wannan labarin tana juya waina, ba ta ɗago ba.

"Ta fi kusa da hanya ne. Na lura da wannan. Na yi ta lissafi, da ni ce a wurin da ni za ta fara tararwa." Ta kwashe layi ɗaya ta zuba a kwano, ta ɗiga mai a gurabun. "Baɗi in Allah Ya kai mu za su yi na izu biyar. Da wuri zan tafi. Ni zan zauna a bakin hanya."